Ƙeyar da Ni Kaɗai Nake Gani

Assalamu alaikum Malam Edita, da duk wanda wannan takarda za ta iso kunnensa, ko da kansa ya karanta, ko karanta masa aka yi a ƙofar gida. Da ajami na rubuta ta, da hannuna, don ban yarda in zauna gaban masu rubuta wasiƙa na bakin kasuwa in zazzage musu cikina ba. Ku mayar da ita boko. Sunana ban sa ba, kada ku nema. Roƙona ɗaya ne, ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagi kam na san zan sha, na kuma cancanta, amma shawara nake nema, da gaggawa, domin yanzu haka akwai mutum a kwance yana ƙarewa, kuma bakina ne ya tare masa hanyar magani.

Ni wanzami ne a cikin birnin Kano, gada na yi, ba haye ba. Mutumin da nake magana a kansa zan kira shi Malam Sule, ko da yake ba sunansa ba ne. Kakana ya aske kakansa, ubana ya yi masa kaciya, ni kuma na yi wa 'ya'yansa askin suna tun daga na fari har auta. Lungu ɗaya muka tashi, can wajen Sheshe. Ranar da jirgin ƙasa ya fara shigowa garin nan tare muka ruga kallo, tare muka sha duka da muka dawo. Ni na ɗauki zabirar ubana, shi ya shiga sayen gyaɗa yana kai wa kantunan Turawa, Allah kuwa ya buɗa masa. Mutumin da a da yake fita ta Ƙofar Mazugal a ƙasa ya dawo a ƙasa, sai ya zama ko nan da can sai bisa doki. Fura sai da zuma, alkaki da nakiya ba sa yankewa a gidansa, ga sukarin kanti, mai ƙwaya-ƙwayan nan, yana zuba shi a aljihu yana tsotsa yadda wani ke cin goro. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ninku. Wa ya ga laifin wannan? Ni kaina ina aske shi ina tsokanarsa, ina cewa, "Maigida, wuyan nan fa ya kai a yi masa sarauta." Sai ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce, "Wanzam, surutunka ya fi askarka kaifi."

Ku da ba wanzamai ba akwai abin da ba ku sani ba. Babban mutum mai rawani, ba mai ganin ƙeyarsa sai wanzaminsa. Shi kansa ba ya ganin ta. A waje rawani ya rufe, a cikin gida da hula da mayafi a kafaɗa, kuma wace mace ce za ta tsaya tana ƙare wa ƙeyar maigida kallo? Duk Jumma'a da hantsi sai ya zauna a soro, ya warware rawani, ya sunkuyar mini da kai. Abin da na ce yana can baya, shi ke can.

Damina biyu ke nan da na fara ganin abin. Wani baƙi ne a cikin ninkin wuyansa, ya fi sauran fatarsa duhu sosai, kamar gindin tukunya. Ban damu ba, don rawaninsa ɗan Kura ne, wanda ya sha shuni ya sha bugu, kowa kuwa ya san irinsa yana zuba a jiki, masu shi ma alfahari suke da hakan. Na ce, "Maigida, rawaninka ya rina maka wuya." Ya ce, "To ai ka ga shaidar na gaske ne." Na sa soso da sabulun salo na dirje, bai fita ba. Wata Jumma'ar na zo da lemun tsami da toka, na goga har wurin ya yi zafi yana cewa in sassauta, na share da farin ƙyalle, ƙyalle ya fito fari fat. Da shuni ne ai da ya kama. Na shafa da yatsa na ji fatar ta yi kauri, ta yi laushi kamar karammiski. Ba ƙyasbi ba ne, ba makero ba ne, waɗannan ko a mafarki na san su. Ya koma naɗa farin rawani wata guda cur, baƙin bai ragu ba, sai ma ya zagayo gefen wuya. Rannan ya rage murya ya ce mini har a hammatarsa ya ga irinsa.

Ya ce, "Wanzam, mene ne wannan?"

Kalma uku ce ta kamata in faɗa: ban sani ba. Amma a gidanmu ban taɓa jin an faɗe ta ba. Ubana, Allah ya ji ƙansa, ko ciwon da bai taɓa gani ba aka kawo masa sai ya raɗa masa suna nan take. Ni ma sai na gyara zama na ce, "Mataccen jini ne ya taru, ƙiba ta hana shi gudu. Ƙaho uku ya ishe shi." Na kafa masa ƙaho a ƙeya, na tsaga, na zuƙe, na juye jinin a kasko na nuna masa. Jinin ƙaho kullum baƙi yake fitowa, duk wanzami ya san haka, amma shi bai sani ba. Ya duba ya ce, "Subhanallahi, duk wannan a jikina yake?" Na ce, "Da saura ma." Sannan na ƙara da abin da har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina: na ce ya dage da zuma da nakiya, don su mayar masa da jinin da aka cire. Wata uku muna haka, ina tsagawa yana shan zuma yana sa mini albarka.

Tsagar ƙaho kwana uku take yi ta kame. Tasa sai ta daina kamewa. Ta wancan makon tana nan ɗanya in zo in yi sabuwa a gefenta. Ɗaya ta kumbura ta yi ja, ta fara ruwa. Shi kuma ga ƙishirwa, ya shanye moɗa uku a zaune ya ce a ƙaro, alwalarsa ba ta kai shi daga azahar zuwa la'asar, kuma ƙibar nan ta fara zubewa, riguna suka yi masa yawa. Nan ne na fara neman wanda zan tambaya.

Akwai wani malamin asibiti a Zaitawa, in ce da shi Malam Habu, shi ne yake tsayawa kusa da likita Bature yana yi masa tafinta yana ba da magani. Shi ma ni nake aske shi. Rannan ina cikin yi masa gyaran fuska sai na sako maganar a kaikaice, na ce wani baƙauye na gani a kasuwa, wuyansa ya yi baƙi ya yi kauri, sabulu ba ya fitar da shi, ko mene ne? Ya ce, "Mai jiki ne?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "Muna ganin irinsu. Mutane su yi ta dirza suna cewa dauɗa ce, har su ji wa kansu ciwo, alhali daga ciki abin yake. Wani ƙiba ce kawai take kawo masa, in ya rage jiki ya riƙa tafiya a ƙasa sai ya dushe. Wani a danginsu yake. Wani kuwa, likita ya ce, alama ce ta wata cuta a ciki, shi ya sa ba a raina shi. In yana yawan ƙishirwa da yawan fitsari, to a ji tsoron ciwon sukari. A duba inda yake tsugunawa, za a ga kiyashi sun taru." Na daure na ce, ba dai kuturta ba ce? Ya yi dariya ya ce, "Haba Wanzam, kai da ka san fata? Tabon kuturta haske yake yi, kuma ko allura ka soka mai shi ba ya ji. Wannan ba a ɗaukarsa, ko akushi ɗaya kuke ci." Na ce to maganinsa fa? Ya ce a zo da mutum, a zo da fitsarinsa a kwalba, akwai ruwan magani da suke dafa shi da shi, launinsa ya nuna musu. In sukari ne a raba shi da kayan zaƙi, a tsara masa abinci, wani har allura likita yake yi masa, kuma ana samun sauƙi in an zo da wuri. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da askata ya ce, "Abu ɗaya dai, kada a kuskura a tsaga. Mai wannan ciwo ko ƙaya ce ta soke shi sai ta zama gyambo. Ba dai ka sa masa aska ba?"

Na ce, "Ni? Haba Malam, mutumin da na gani a kasuwa?"

A gaggauce na ƙarasa askin, har na ɗan yanke shi a kunne, abin da ban taɓa yi ba. Daga nan ban zame ko'ina ba sai gidan Malam Sule. Akwai ɗan makewayi a bayan soronsa inda yake kama ruwa. Na leƙa. Kiyashi ne baƙi ƙirin, sun yi layi tun daga gindin katanga. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya a wurin nan ina kallon su, na san abin da ke damunsa, na san kuma abin da na yi masa da aska da zuma.

Wallahi, Malam Edita, da niyyar faɗa masa gaskiya na shiga soron nan. Allah ma ya sauƙaƙa mini, don kafin in buɗe baki shi ya fara. Ya ce, "Wanzam, Inna ta matsa mini in je asibiti, ta ce ramar nan ta yi yawa. Ina ganin gobe zan je. Me ka gani?" Inna mahaifiyarsa ce, tsohuwa, tana nan da ranta a gidan. To me ya rage? In ce masa Allah ya kai mu goben, shi ke nan fa. Amma a cikin ƙiftawar ido sai na hango abin da zai faru. Bature zai ɗaga rawani ya ga tsaga jere a kan tsaga, ya ce wa ya yi wannan? Malam Habu yana tsaye a gefe, shi zai fassara, shi da na gama yi wa ƙarya da hantsin nan. Kafin magariba Sarkin Aska ya ji, kafin Jumma'a duk gidajen da kakana ya bar mana sun ji cewa ɗan gado ya ruɓar da wuyan maigidansa. Wa zai sake miƙo mini jaririnsa? Wa zai sake sunkuyar mini da kai? Ban tuna da ransa ba. Zabirata na tuna.

Na ce, "Maigida, a turo ƙofar nan." Ya tura. Na ce, "Akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka. Abin nan ya wuce mataccen jini. Ina tsoron babbar cuta ce."

Ya ce, "Kuturta?"

Na sunkuyar da kai. Ban ce e ba, amma wannan ba hujja ba ce, na san abin da shiruna ya faɗa. Sannan na ɗora da cewa in Bature ya gani ba zai bar shi ya koma gida ba, can bayan gari za a kai shi inda suke tara masu ita, kuma sunansa ya shiga takarda har abada. Ni ban ma san ko haka suke yi ba, a bakin mutane na tsinta. Mutumin nan, ƙato, mai gemu, wanda 'yan kamasho ke durƙusa masa, sai ya shiga jujjuya yatsunsa yana duba su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba. Ya kamo hannuna ya ce, "Ka rufa mini asiri, Wanzam, don zumuncin iyayenmu." Sai kuma ya yi sauri ya saki hannun, ya goge nasa a riga, ya ce, "Yi haƙuri, kada in shafa maka."

Kada in shafa maka! Ni da na kashe shi a tsaye, ni yake tsoron ya cutar.

Yau wata huɗu ke nan. Ya ƙaura ɗan ɗakin da ke jikin soro, ya ware akushinsa da moɗarsa da butarsa, ya ce kada wanda ya taɓa. Ya daina shiga wurin maiɗakinsa, tana can tana kuka ba ta san laifinta ba. Ya daina zuwa masallaci don kada a miƙo masa hannu. Mutanen unguwa wasu na cewa arziki ne ya hau masa kai, wasu na cewa iska ce ta taɓa shi. Yana da 'yar auta, Uwani, shekararta huɗu, sunan Inna aka sa mata. Da, in ina aski, a cinyarsa take zama tana wasa da gemunsa. Rannan ta rugo da gudu za ta faɗa jikinsa, ya daka mata tsawar da ban taɓa jin ya yi wa ko jakinsa ba. Yarinya ta tsaya cak. Da na fito ta biyo ni har bakin ƙofa ta riƙe mini zabira ta ce, "Baba Wanzam, me na yi wa Babana?" Me zan ce mata? Na ce ba ki yi komai ba, na fizge zabirata na wuce kamar ɓarawo.

Kada ku ce ban yi ƙoƙarin gyarawa ba, na yi, irin ƙoƙarin matsoraci. Na daina ƙahon. Na ce a daina ba shi zuma da sukari, sai Inna ta ce, "Ɗan nan, ai kai ka ce a ba shi, kuma yanzu ita kaɗai yake iya haɗiya." Kullum ina zuwa in wanke gyambon da ruwan zafi in barbaɗa garin bagaruwa, amma ina! Ya kai faɗin tafin hannuna, ya yi bakuna, yana fitar da mugunya, warin har sai an sa turaren wuta a soron. Idonsa ya fara dushewa, in na shigo sai na yi magana yake gane ni. Sau ɗaya na tattara ƙarfin hali na ce, "Maigida, wataƙila fa na yi kuskure, wataƙila ba ita ba ce. Mu kira Malam Habu ya duba." Ya yi murmushi ya ce, "Kada ka lallashe ni, Wanzam. Shekara arba'in ban taɓa kama ka da ƙarya ba, yau kuma don tausayi za ka fara? Malamin asibiti kuwa bakin Bature ne, kana so a fitar da ni a gaban 'ya'yana?" Kun ga inda na kai kaina. Ƙaryar ta kafu har rabin gaskiya ba ya tumɓuke ta. Ba abin da zai tashe shi zuwa asibiti sai in durƙusa in ce masa: na sani tun ranar nan, an faɗa mini ba kuturta ba ce, na ƙaga maka ita ne don in tsira da sunana.

Inna kuwa duk ranar da ta ji sallamata sai ta dogaro sanda ta fito. Ta ce, "Kai kaɗai yake jin maganarka, ka sa baki ya je a duba shi." In ce to Inna, ana dai bi a hankali. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka yadda kake yi masa." In ce amin. Wannan addu'a tana bina har gida, ko abinci na sa a gaba sai in ji ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Jumma'ar da ta wuce. Na je da hantsi kamar kullum, na tarar ko zama ba ya iyawa sai an jingina shi. Na aske shi a hankali. Da na gama ya ce in matso. Ya ce ya so ya bar mini rawaninsa ɗan Kura, amma yana tsoron cutar ta kama shi, don haka a ƙone shi kawai. Sannan ya ce, "Wanzam, wasiyya zan ba ka. In ta Allah ta kasance, kai za ka yi mini wanka, kai kaɗai. Kada liman ya ga ƙeyata, kada ƙannena su gani. Ni tawa ta ƙare, amma ban so a tashi ana nuna Uwani ana cewa 'yar kuturu ce. Ka yi mini alkawari."

Na ce, "Na yi."

Jama'a, mutum yana shirin shiga kabari da cutar da ba shi da ita, yana gode wa wanda ya ƙaga masa. In na yi shiru, zai mutu yana ganina amini, in wanke shi da hannuna, in binne ƙaryata tare da shi, ba mai sani sai Allah. In na faɗa, wataƙila a kai shi asibiti ya tashi, wataƙila kuma an makara, ya mutu yana sane da cewa wata huɗun da ya hana kansa rungumar 'yarsa a banza ne, ni na ƙwace masa su. Da wane ido zan kalli Inna? Garin nan kuma ba zai sake zaunuwa gare ni ba, wannan na sani, kuma kunyar da nake ji ita ce har yanzu ina sa wannan a ma'auni.

Na san akwai mutum ɗaya da zai gane ni, malamin asibitin nan, don shi yake karanta wa mutane jarida a ƙofar gidansa bayan la'asar. Malam, in ka kai nan, baƙauyen kasuwar nan babu shi, kuma e, na sa masa aska. Ka san gidajen da nake aski. In ka zo ba zan musa ba.

Sauran masu karatu, ban san ko amsarku za ta same shi da rai ba. Jumma'a saura kwana uku. Zan rataya zabira in shiga soron nan, zai sunkuyar mini da kai kamar yadda ya saba, ya tambaye ni yadda bayan yake, don har yau bai taɓa ganin wurin da idonsa ba. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?